Dalilin Barin Aikin Kawunku Haruna

Kun tashi kun tarar da kawunku Haruna a wani ɗan shago a bakin kasuwar Birnin Kudu, ya duƙa a kan rediyon mutane, tabarau a karan hanci. Kun kuma ji abin da ake faɗa a gidajen biki da na suna, cewa da babban injiniya ne a aikin gwamnati, girman kai ya sa aka kore shi. Har na taɓa jin ɗayanku yana maimaita wannan magana yana dariya. Ban tsawatar ba a lokacin, domin kawun naku yana da rai, kuma ya hana ni buɗe baki a kan zancen. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ƙin ɗaukata, saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya kasance. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini kuma zan ce gaya mini aka yi.

A shekarun da kuɗin mai ya fara isowa ƙauyukanmu aka kafa wata hukuma ta raya noma, mai babban ofis a Birnin Kudu da ƙananan ofisoshi a Gwaram da Fagam. Ita ke kawo taki da iri, idan bazara ta yi tsanani kuma rumbuna suka yi ƙasa, ta sayar wa talakawa da hatsi da rahusa. Ni ɗan Dingaya ne, kun sani, gidanmu gidan allo ne, kuma abin da ya kai ni wannan hukuma bai wuce na iya tafireta ba. Aka ɗauke ni aka ajiye a Gwaram. Wayar tarho ba ta iso mana ba, hanyar mota kuma da ruwa ya sauka sai ta zama abin da ta zama, don haka hukumar ta sayo na'urorin aika saƙo ta iska. Wanda aka ɗora wa kafa su da koyar da mu shi ne Injiniya Haruna, mutumin Wurno, wanda ya yi karatu a Kaduna har aka tura shi ƙasar waje ya ƙaro. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ya miƙa wa lebura abu da hannun hagu ba. Shi da kansa yake hawa ƙarfen eriya, ya naɗe ƙafar wando, mu da ya kamata mu hau muna ƙasa muna riƙe igiya.

Kayan aikin guda uku ne a kan teburi. Akwai tafireta mai lantarki, wadda ke bugawa da kanta idan saƙo ya shigo, tana kuma iya karanta wani siririn zaren takarda mai huji-huji da muke shirya saƙo a kansa tun kafin a aika. Akwai rediyon, irin wanda mutane ke kira oba-oba. Tsakaninsu kuma akwai wani akwati mai launin toka da ake kira modem. Aikinsa shi ne ya mai da haruffa su zama fito, murya biyu, ɗaya siririya ɗaya kakkaura, domin rediyo ba ta san harafi ba, sauti kawai take ɗauka. Akwatin da ke can ɗaya gefen sai ya ji fiton ya mai da shi haruffa. Abin da Injiniya ya fara cusa mana a ka shi ne cewa hanyar ɗaya ce tal, mu uku muke tarayya a kanta, kuma rediyon da ke magana kurma ne. Muddin kana aikawa ba ka jin kowa, ko da ihu yake. Idan kuma biyu suka aika a tare, fiton ya cakuɗe, abin da tafireta za ta buga ko mai shi ba zai gane ba. Masu magana da baki sun warware wannan da cewa "oba" idan sun gama, ɗayan ya karɓa. To, na'ura ba ta da bakin cewa oba, shi ya sa aka yi mata fitilu.

Fitilun suna jere a goshin akwatin, kowace da haruffan Turanci a ƙarƙashinta. Injiniya ya ce mu haddace haruffan saboda jarrabawa, amma ya laƙaba musu sunayen da har yau su nake tunawa. Biyun farko ba su da wuya, suna nuna cewa tafireta a kunne take, akwati ma a kunne yake, kowane ya san da ɗan'uwansa. Ta uku ya kira ta Sallama. Ita ke kamawa idan tafireta tana da abin aikawa, tana neman akwati ya ba ta hanya. Ta huɗu Bismilla, ita ce amsar akwati cewa hanya ta buɗe. Ta biyar kuma, ja, ya kira ta Da Mutum, domin tana kamawa ne duk lokacin da akwatin ya ji fiton wani a kan hanya. Muddin Da Mutum tana ci, ko ka kwana kana Sallama ba za a ce maka Bismilla ba. Kuma ko hanya ba kowa, tsakanin Sallama da Bismilla akwai ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido, lokacin da rediyo ke juyawa daga sauraro zuwa magana, na can kuma ya daidaita kunnensa. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan jinkiri, sai ya cire shi ya ce in aika. Kalmar farko ta saƙon ta zube a hanya, ba ta isa ba. Ya mayar da shi, ban kuma sake tambaya ba.

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin littafin masu na'urar, shi ya ƙirƙiro shi. Birnin Kudu ita ce mai dogayen saƙonni, wani lokaci zare ɗaya ya ɗauki rabin wuni yana tafiya. Sai ya sa a riƙa huda wata alama a jikin zaren bayan kowane sashe. Da tafireta ta iso wurin sai ta sauke Sallama, fito ya ɗauke, a yi shiru gwargwadon yadda mutum zai kurɓi ruwa ya ajiye moɗa, sannan ta sake nema. A wannan ɗan shirun, idan Gwaram ko Fagam na jira da Sallamarsu a kunne, akwatinsu zai kama hanya. Ya kira wannan numfashi. Na ji shi yana faɗa wa mai kula da na'urar Birnin Kudu:

"Mu ne manya, muryarmu ta fi ƙarfi. In ba mu yi shiru da kanmu ba, babu mai iya sa mu."

A wannan shekara na auri mahaifiyarku Binta, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ba shi ya haɗa ba, kakarku Inna ce ta gan ta a wani biki a Wurno ta dawo tana zancenta. Da maganar ta kai kunnensa, abin da kawai ya ce wa iyayensu shi ne ya ga yadda nake goge ƙurar na'ura ko ba mai dubawa. Bayan ɗaurin aure na daina ce masa Yallaɓai a gida, na koma Yaya, amma a ofis ban taɓa haɗa su ba. Muka kama ɗaki biyu a Gwaram, a bayan ofis kaɗan.

Bazarar ta zo da tsanani. Daminar baya ba ta yi kyau ba, gidaje da yawa sun koma cin abinci sau ɗaya, ana jiran hatsin hukuma kamar yadda ake jiran ruwan farko. Ana cikin haka sai aka ce manyan baƙi za su zo daga Kano, tare da Turawan da suka ranta wa hukumar kuɗin aiki, su ga abin da aka yi. Manajanmu na babban ofis, wanda ba zan kama sunansa ba domin 'ya'yansa suna nan, mutum ne mai ƙoƙari, amma wannan ziyara ta hana shi sukuni. Ya shirya a nuna wa baƙi na'urar tana aika dogon rahoto zuwa Gwaram da Fagam a gabansu. Ana saura 'yan kwanaki na je Birnin Kudu, a gabana ya ce wa Injiniya wannan tsaye-tsayen da na'ura ke yi a cire shi ranar, kada baƙi su ɗauka lalacewa take yi, yana so su ga tana zuba ba ƙaƙƙautawa. Injiniya ya yi masa bayanin amfanin abin cikin ladabi. Manaja ya ce na wuni ɗaya ne, duniya ba za ta tashi ba. Injiniya ya ce ya ji. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, ni kuma na koma Gwaram da zaton an cire.

Ranar ziyarar ta faɗo ranar kasuwar Fagam. Shugaban ofishinmu ya ɗauki motar ofis tun da sassafe ya tafi Birnin Kudu tarbar baƙi, aka bar ni da malamin sito da masu gadi. Da hantsi sai ga babbar mota ɗauke da jar dawa. Ta sauke rabonmu ta wuce Fagam, inda aka riga aka yi shela cewa bayan azahar za a fara awo. Namu sai washegari za a fara, amma ma'aikata akan bar su su auna tun ranar, don haka na auni kwano biyu na aika gida. Ba a jima ba na'ura ta ɗauki fito, Da Mutum ta kama, tafireta ta fara zubo rahoton baƙi.

Ina zaune ina kallon takarda tana fitowa sai na ji sallamar mace a ƙofa. Mahaifiyarku ce, amaryar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta yafa mayafi a karkace, ƙwarya a hannu. Ta ajiye ƙwaryar a kan teburin na'ura. Ta jiƙa dawar ne za ta surfa, sai ruwan ya rine ya yi ja kamar an zuba garura, ga wani wari mai hawa kai. Ta ce ta san wannan warin, a Wurno an taɓa kawo wa mahaifinsu irin shuka mai magani, ya hana kowa taɓawa, ya binne ragowar a bayan gari.

"Malam, wannan ba ta ci ba ce," in ji ta. "Ta shuka ce."

Muka ruga sito da malamin sito muka farke buhuna. Wasu dawa ce lafiyayya, wasu kuma da ka murza a tafin hannu sai jan gari ya manne maka. Daga baya aka gano cewa buhunan irin sun yage a babban sito, aka juye su a sababbi marasa rubutu, masu lodi kuma suka haɗa da na ci. Ba wanda ya yi da gangan. Da farar dawa ce da kowa ya gani, amma jan magani a kan jar dawa sai wanda ya jiƙa. Muka rufe sitonmu. Saura Fagam, inda motar ta riga ta isa, mutane kuma suna can da kwanuka da buhuna, da yunwar da ba za ta bar su su tsaya bincike ba.

Na tura ɗaya daga cikin masu gadi a kan keke, ina sane da cewa kafin ya ƙetare kogi ya isa an gama awo an watse. Ba mota, ba babur. Rediyon Gwaram kuma ba ya kai wa Fagam sosai saboda duwatsun da ke tsakani, kullum ta Birnin Kudu muke bi, su da ke da doguwar eriya. Na huda gajeren saƙo a zare, na ɗora, na danna. Sallama ta kama. Bismilla ba ta kama ba, domin Da Mutum tana nan jawur, rahoto yana ta zuba, ana lissafa rijiyoyi da kadadar da aka nome. Akwai wani makunni a bayan rediyon da in ka murɗa za ka aika da ƙarfin tsiya ko akwati bai yarda ba. Malamin sito ya san da shi, ya ce in murɗa mana, me nake jira. Hannuna har ya kai. Amma na san Birnin Kudu kurma ce muddin tana magana, Fagam kuma ko ta ji ni shirme za ta buga, sannan in na murɗa na fitar da akwatin daga layin jira, ko hanya ta buɗe ba zai kama ba. Na janye hannuna. Abin da ya rage shi ne in bar Sallama a kunne in zuba wa jar fitila ido, alhali da kunnena na ji an ce a cire numfashi.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Na san dai an kira azahar muna nan, mahaifiyarku tana tsugune a bakin ƙofa tana jan carbi da yatsu, malamin sito yana kai da kawo. Sashen farko na rahoton dogo ne ƙwarai. Da na ga ya doshi ƙarshe sai na kasa kallon takardar, na koma kallon akwatin kawai. Tafireta ta buga layin ƙarshe, sai fito ya ɗauke. Da Mutum ta mutu. Na ji rediyonmu ya yi ƙas ya juya, Bismilla ta kama, zarena ya fara tafiya.

Abin da ya faru a can, mai kula da na'urar Birnin Kudu ne ya ba ni labari, wasu biyu da ke ɗakin kuma suka tabbatar. Ɗakin cike yake da baƙi, Manaja yana bayani. Na'ura ta yi shiru, ya juyo ya kalli Injiniya, kafin ya yi magana sai tafireta ta fara bugawa da kanta. Wani Bature ya yi murmushi, ya ɗauka cikin shirin ne. Injiniya ya duƙa ya karanta: dawar da aka kai Fagam iri ce mai guba, a tsayar da awo. Manaja ma ya karanta. Ya matso kusa ya ce masa ƙasa-ƙasa ya yage takardar ya sa a aljihu, a bar rahoto ya ci gaba, da baƙi sun fita cin abinci za a kira Fagam, abin da bai wuce ɗan lokaci ba. Ku yi masa adalci, ba so yake kowa ya mutu ba. Tsoro yake kada masu ba da rance su ji an raba guba su janye, aikin ya rushe da duk masu ci a ƙarƙashinsa. Injiniya ya dubi agogon bango ya ce:

"Ranka ya daɗe, an yi azahar. Sun fara awo."

Ya sa hannu ya cire zaren rahoton daga tafireta. Ya mai da rediyo kan magana, ya ɗauki abin magana a gaban kowa ya kira Fagam, da Hausa, a nutse, kamar yadda ya saba. Ni ma ina ji daga Gwaram. Ya kira, ya ce oba, ya saki. Shiru. Ya sake kira ya saki. A na uku Malam Audu, mai na'urar Fagam, ya amsa yana haki, ashe yana waje wurin awo. Injiniya ya ce a rufe sito yanzu, a nemi mai gari ya sa a yi shela a kasuwa duk wanda ya auna ya dawo da ita, kada a ci, kada a ba dabba, wanda ya taɓa ya wanke hannu. Ya sa Malam Audu ya maimaita masa kalma bayan kalma kafin ya sake shi. Sannan ya juya ga baƙin ya faɗa musu da Turanci abin da ya faru, bai rage ba bai ƙara ba, ya roƙi a ba da ɗaya daga cikin motocinsu ta kai malamin asibiti Fagam. Suka bayar.

An riga an auna wa mutane da dama. Mai shela ya zaga kasuwa, samari suka bi hanyoyin ƙauyuka suna tare masu komawa gida. Kafin la'asar sakaliya yawancin dawar ta dawo, ragowar kuma aka bi ta gida-gida washegari. A wani gida an riga an surfa an zuba wa kaji dusar, kajin suka mutu, garin yana faifai ba a kai ga tuƙawa ba. Wata tsohuwa da ta tauna tsaba a hanya ta yi kwanaki tana amai, ta warke. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Na ɗauka yabo zai biyo baya. Abin da ya biyo baya kwamitin bincike ne, kuma ba a kan dawar ya fi tsayawa ba, a kan wanda ya saɓa umarni ya kunyata hukuma a gaban baƙi. Aka fara raɗe-raɗin cewa suruki da suruki ne suka ƙulla abin don su kayar da Manaja. Wani babba ya kira ni gefe ya ce hanya mai sauƙi ita ce in ce ni na murɗa makunnin baya na kutsa cikin rahoto saboda ruɗewa. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, gargaɗi kawai za a yi mini, shi kuma Injiniya a ce ya cire numfashi kamar yadda aka umarce shi, kowa ya tsira da mutuncinsa. Maganar ta shige ni, domin ina ganin hanya ce ta ceton mutumin da ya fi ni amfani.

Muka tafi Dingaya da mahaifiyarku na kai maganar gida. Inna ta ce in karɓa, gargaɗi ba ya kisa, kuma Injiniya yayan matata ne, wa zai ga laifina. Baba yana zaure yana gyara alƙalami, ya bar ta ta gama, sannan ya tambaye ni ko na murɗa makunnin. Na ce ban murɗa ba. Ya ce to shaida ba kayana ba ce da zan yi kyauta da ita ga wanda nake so. Inna ta ce malamai ba su san yadda aikin gwamnati yake ba, ya ce gaskiya ne, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa. Da muka kamo hanya mahaifiyarku ta ce in je in gaya wa Yaya tukuna, domin ta san shi, in ya ji daga baya ba zai sake cin abinci a gidanmu ba.

Na same shi a Birnin Kudu yana gyaran wani batir a bayan ofis. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Isyaku, in ka ce ka murɗa, gobe za a rubuta cewa numfashi ba shi da amfani, kutse ne ya ceci mutane. Wanda zai zo bayanka zai murɗa, kuma ba za a ji shi ba. Faɗi abin da fitila ta nuna maka, ka bar mini nawa."

Haka na yi. Shi kuma da aka tambaye shi ko an umarce shi ya cire, ya ce an umarce shi. Ko ya cire, ya ce bai cire ba. Aka tambaye shi dalili, ya ce yana da mutane biyu a daji da ba su da wata ƙofar shigowa sai wannan, ba zai toshe ta don a ji daɗin kallo ba, kuskurensa ɗaya da bai faɗa wa Manaja haka ƙarara tun ranar ba, ya kuma nemi afuwarsa a kan wannan a gaban kwamitin. Bai ambaci maganar yage takarda ba. Waɗanda suka ji ta ma ba a tambaye su ba.

Ba korarsa aka yi ba, wannan ku riƙe. An ɗauke shi daga kan na'urori aka tura shi wani sito mai nisa ya riƙa kula da tayoyi da man juye. Ya je ya yi wata shida ko fiye, yana zuwa aiki a kan lokaci. Da ya ga ba za a dawo da shi ba sai ya ajiye aikin da kansa, ya dawo ya buɗe shagon da kuka sani. Kafin ya tafi siton nan ya zauna da wanda aka kawo a madadinsa ya nuna masa komai, har inda ruwa ke shiga eriyar Fagam. Ni kuma na zauna a matakin da nake har hukumar ta canza suna, waɗanda na koya wa aiki suka zama shugabannina. Ban ce bai yi mini ciwo ba. Amma ni albashina bai tsaya ba, shi kuwa ya rasa gidan gwamnati da mota ya koma ɗakin haya da iyalinsa, abokan karatunsa suna wucewa ta gaban shagon a motoci, wasu su tsaya wasu su kau da kai. Ban taɓa jin ya ambaci Manaja da mugun baki ba. Da Manajan ya rasu, tare muka je gaisuwa, shi ya ja mu addu'a.

Ya yi shekaru masu yawa a wannan shago. Malaman makaranta da direbobi da masu gadi duk nan suke kai rediyonsu, yara da dama kuma a nan suka koyi sana'ar da suke ci da ita yau. Idan mai kaya ya zo yana bayanin abin da ke damun rediyonsa, ko bayanin ba shi da kai, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurara har mutumin ya gama.

Da ya rasu, iyalinsa suka ce ni zan yi masa wanka, haka ya bar wasiyya. Muka shiga da limamin unguwarsu, yana zuba ruwa ina wankewa. Da na zo hannunsa na dama sai na ga yatsun duk tabon ƙunar dalmar liƙin rediyo ne, sabo a kan tsoho, fatar ta yi kanta kamar ta maƙeri. Shekara da shekaru muna gaisawa da wannan hannu ban taɓa juya shi na duba ba. Na riƙe shi ina wankewa, na sake wankewa, har liman ya dafa kafaɗata ya ce, Malam Isyaku, ya isa haka, mutane suna jira a waje.